"Umma, A Saya Mini Sawun-kad": Karanta Wannan Kafin Ki Kwance Bakin Zani

  

Yau zan ɗan kauce wa zancen zazzaɓi da rigakafi da muka saba, in ɗauko wata magana da ta shigo gidaje da yawa ba tare da sallama ba. In kina da saurayi ko budurwa a gida, mai yiwuwa kin taɓa jin an ce miki, "Umma, don Allah a saya mini sawun-kad." Wataƙila kin yi tsaki kin ce ba ki san zancen ba. Wataƙila kuma tausayi ya sa kin miƙa kuɗin ba tare da kin san me za a saya ba. Duka biyun akwai gyara a ciki, kuma a gidanmu na gani.

Yadda abin ya faru a Gude

Bayan kakar bara, wata safiya na fito daga aikin dare ko takalmi ban cire ba, sai ga kiran Yayata daga Gude, can ƙaramar hukumar Kabo a kan hanyar Gwarzo. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ke, ki zo ki ji da ɗanki, ni kam ya ishe ni." Ɗan fari ne, kun san ba ta kama sunansa, kullum ɗana ne ni.

Yaron shekararsa 19, ya gama sakandare. Da damina yana gona tare da mahaifinsa, da rani yana zaman shagon cajin waya. Allah Ya ba shi murya, tun yana ƙarami shi ke ja wa yara baiti a Islamiyyarsu in za a yi sauka. Wata uku yana bin uwarsa da naci, shi dai a taimaka masa ya haɗa ɗan situdiyo a shagon ƙofar gida. Da ta gaji, ta haɗa kwasar adashinta da kuɗin ɗan akuyar da ta sayar, naira dubu 70, ta damƙa masa. Maigidan bai san adadin ba, ta ce masa ɗan abu kaɗan ne.

Shi kuma ya ga talla a waya. Wani yana sayar da katin sauti, wai na asali ne, tsohon yayi, irin wanda ba a yi yanzu, har da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ya tura dubu 30, aka ba direba saƙo. Da ya kwance ƙunshin sai ya ga wani falle kore mai haƙoran zinare a gefe guda, kamar an fasa rediyo an ciro hanjinsa. Ya juya laftof ɗinsa gaba da baya, babu inda abin zai shiga. Ya kira mai kayan, shi kuwa ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, ni ban ce maka na laftof ba ne." Kuma gaskiyarsa, bai ce ba.

Kwana biyu yaron bai ci abincin kirki ba. Uban ya ji labarin adadin kuɗin a bakin maƙwabta, gida ya ɗauki zafi. Asarar dubu 30 daban, zancen ɓoye wa miji gaskiya daban. Wannan na biyun shi ya fi ci wa Yaya rai.

Ranar hutuna na je na karɓo fallen, na kawo shi Kano wurin wani maƙwabcinmu da ke aikin haɗa sauti a wani situdiyo a Zoo Road. Yana gani ya yi dariya ya ce, "Anti, wannan ai ya girmi mai shi." Daga nan ya zaunar da ni ya yi mini karatu, ni ma na ƙara da nawa binciken. Abin da na fahimta shi zan gaya miki, a harshen da ni da ke za mu gane.

Mene ne sawun-kad?

Murya iska ce mai kaɗawa, ita kuwa kwamfuta lissafi kawai ta sani. Katin sauti shi ne tafinta a tsakaninsu. Yana karɓar muryar da ta fito daga makirfo ya mayar da ita lambobi don kwamfuta ta adana, sannan ya sake mayar da lambobin su zama sauti a sifika ko abin sawa a kunne. In tafintan nagari ne, murya ta fito tas. In ba nagari ba ne, sai ki ji ƙugi da shuu a ƙarƙashinta, kamar ana suya a bayan mai magana.

A da can, kwamfuta ba ta iya komai sai ɗan ƙara irin na agogon hannu. A 1987 wani kamfani a Kanada ya fito da kati mai suna AdLib, sai a 1989 kamfanin Creative na Singafo ya fito da Sound Blaster, wanda ya mamaye duniya. Dukansu biyu da ɗan ƙwaƙwalwar kamfanin Yamaha suke fitar da kiɗa, wato kamfanin nan dai da ya yi fiyanon da aka riƙa kaɗa waƙoƙin fina-finan Hausa da shi tun ƙarshen shekarun 1990. A 1992 aka fito da Sound Blaster 16, mai iya naɗar sauti da ingancin faifan CD. A zamaninsu waɗannan kaya ne na ji da gani.

Amma zamaninsu ya wuce. Yanzu kowace kwamfuta da kowace waya da nata katin sautin ake ƙera ta, a manne a ciki. Abin da masu situdiyo ke kira sawun-kad a yau wani ɗan akwati ne da ake ajiyewa a kan tebur, a haɗa shi da kwamfuta ta kafar USB, irin kafar da ake soka filashi. Suna ɗaya, kaya daban. A nan ɗanmu ya faɗa.

Iri uku ne a kasuwa, ki riƙe su

Na farko, na ciki. Shi ne fallen nan kore. Sai an kwance babbar kwamfutar tebur sannan a soke shi a wani rami. Ramukan ma iri-iri ne: mafi tsufa ana ce masa ISA, sai PCI, sai na yanzu PCI Express, kuma na wannan ba ya shiga na wancan. Babu ɗayansu da ke shiga laftof. In yaronki laftof gare shi, zancen na ciki ya ƙare tun daga nan.

Na biyu, na waje, ɗan akwatin da na faɗa. Za ki ji yara suna kiran sunaye irin su Focusrite Scarlett, wanda wani kamfanin Ingila ya fara fitarwa a 2011, ko M-Audio, ko Behringer, ko PreSonus. Wannan shi ne kayan aikin mai son naɗar murya da gaske. Sai dai a nan ma akwai tarko: wasu tsofaffin ba da USB suke aiki ba, da wata kafa ce mai suna FireWire, wadda laftof ɗin yanzu ba su da ita. Za ki ga akwatin fes, mai nauyi, ga araha, amma babu inda za a soka shi. Dalilin arahar ke nan.

Na uku, ɗan ƙaramin nan mai maɓallai da fitilu kala-kala da ake kira V8 da danginsa, wanda masu fitowa kai tsaye a TikTok da Facebook ke amfani da shi. Yana sa amsa-kuwwa da tafi da dariya, kuma da waya yake aiki. Na wasa ne da hira. Wanda ke son aikin da za a biya shi, ba shi zai saya ba.

To me ya sa ake zuzuta tsofaffin?

Akwai ƙamshin gaskiya a zancen masu talla. A Turai da Amurka akwai mutanen da ke tara tsofaffin katunan nan, har su biya kuɗi mai tsoka a kan wasu nau'o'in da suka yi wuyar samu. Amma mafi yawansu don su buga wasannin kwamfuta na ƙuruciyarsu ne, su ji sautin yadda yake a da, kamar yadda wata ke adana tasoshin jeren kakarta. Marmari ne, ba sana'a ba. Kuma galibin waɗanda ke zuwa mana a cikin kayan gwanjo ba irin masu tsadar ba ne, gama-gari ne da aka yi miliyoyinsu.

Babbar matsalar tsohon kati ma ba a jikinsa take ba. Kowane kati yana buƙatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke gabatar da shi ga kwamfuta. In kamfani ya daina sabunta direban, kati zai zama lafiyayye amma kurma. Katunan da yawa an yi su ne don Windows XP, wanda kamfanin Microsoft ya daina kula da shi a 2014, ko Windows 7, wanda aka daina kula da shi a 2020. Yaron da ke da Windows 10 ko 11 zai iya kwana uku yana ƙona data yana neman direban da babu shi.

Wannan ba yana nufin duk na hannu banza ba ne. Akwatin USB da ya shekara biyar ko takwas a hannun mai tattali yana iya yin aiki kamar sabo, a kan kuɗin da bai kai na sabon ba. Yawancin ƙananan situdiyoyi da irinsa suka fara. Na hannu daban, wanda zamani ya binne daban.

In za a saya, ga sharuɗɗa bakwai

Na ɗaya, a daina cinikin biri a sama. Daga Gude zuwa Kano, ta Rimin Gado da Janguza har Kabuga, kuɗin motar bai kai asarar da muka yi ba. Akwai masu kayan lantarki a Farm Centre da titin Beirut da Sabon Gari. A zaga aƙalla shago uku kafin a taya, domin farashin kayan nan da dala yake tafiya, na watan jiya ba shi ne na yau ba.

Na biyu, ya tafi da kwamfutarsa. A haɗa a gabansa, ya yi magana a naɗa, a kunna ya ji. Mai kayan da ya ƙi a gwada, a bar masa kayansa.

Na uku, kafin a biya, a buɗe shafin kamfanin a waya a duba ko akwai direban wannan samfurin na irin Windows ɗin da yake da shi. Minti biyar ne.

Na huɗu, a murɗa kowane maɓalli ana saurare. In ana jin ƙarar-ƙarar kamar ana taka busasshen ganye, ya fara gajiya. A jijjiga wayar a bakin kafar, in sauti yana ɗaukewa, kafar ta saki.

Na biyar, a duba makirfon da za a haɗa. Akwai irin da ba ya aiki sai katin ya ba shi wuta, za a ga maɓalli an rubuta 48V a jikinsa. In makirfon irin wannan ne, a danna a tabbatar yana aiki. Amma ga ɗakin da ke kusa da awaki da injin markaɗe, makirfo na hannu irin na masallaci ya fi, domin wancan mai tsadar har carar zakaran maƙwabta yake kwasowa.

Na shida, ya yi magana yana sauraron kansa. In muryarsa tana dawo masa a makare kamar kiran waya daga Saudiyya, ba zai iya rera komai a kai ba. A gyara a wurin, ko a fasa.

Na bakwai, a karɓi rasit mai lambar jikin kayan, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin da za a iya dawo da shi. Akwai jabu, akwai kuma na sata. Rasit ne zai fitar da ɗanki in wata rana aka zo da 'yan sanda.

Kuma ki sani, kati shi kaɗai ba ya yin komai. Akwai makirfo, wayoyi, abin kunne, da abin daidaita wuta. Ki sa ya rubuto miki jimillar duka a takarda tun farko, kada a sa ki a hanyar "saura abu ɗaya" da ba ta ƙarewa. Ki kuma tambaye shi me ya taɓa naɗa da wayarsa. Akwai manhajoji na kyauta, irin su BandLab a waya da Audacity a kwamfuta. Wanda bai taɓa gama aiki ɗaya da abin da ke hannunsa ba, sabon akwati ba zai sa masa himma ba.

In kuma an riga an saya fa?

Namu fallen, maƙwabcin nan ne ya samo mana wani mai gyaran kwamfuta da ke harhaɗa tsofaffin na tebur, ya saya dubu 8. Asarar dubu 22 ke nan, muka rungumi ƙaddara. In kuna da irinsa, masu gyara za ku nufa, ko ku nemi musaya da ciko a shagon da za ku sayi na daidai. A haɗa da kwalinsa da wayoyinsa in akwai, yana ƙara masa daraja.

Yaron ya so ya sake ɗora shi a intanet da irin kalaman da aka ja shi da su, wai shi ma ya fanshe. Na ce masa a'a. Addininmu ya hana ɓoye aibin haja, kuma wanda zai faɗa ramin ɗan wata ne, ita ma wataƙila akuyarta ta sayar. Duk mai sayarwa ya faɗi irin ramin da katin ke shiga da irin Windows ɗin da yake karɓa.

In ya mutu murus, a ba 'yan gwangwan. Kada a bar wa ƙananan yara su yi wasa da shi, kada kuma a ƙona shi don ciro ƙarfe. Tsofaffin kayan lantarki da dalma ake like su, sai a 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ita a irin waɗannan kaya. Dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, kuma yaro komai baki yake kaiwa.

Yanzu bari in sa farar rigata

Da ragowar dubu 40, da dubu 8 ɗin nan, da ɗan abin da na cika masa a matsayin bashi, muka sayi akwatin USB na hannu da makirfo ɗaya, bayan an gwada komai a gabanmu. Na ɗauka an gama. Ashe ɓangaren da ya shafi aikina bai ma fara ba.

Bayan wata biyu na je Gude suna, sai ya ja ni gefe ya ce, "Anti, in na kwanta da dare sai in riƙa jin kamar gyare yana kuka a kunnena." Na ce ya miƙo mini abin kunnen yadda ya saba sa shi. Wallahi ban iya minti ɗaya da shi ba. Haka yake yini, wani lokaci har tsakar dare.

A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi yana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu rubutu da zai dawo da shi. Abin ba ya ciwo, shi ya sa ba a farga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, hirarmu ta yau da kullum kusan 60 ce. A lissafin hukumar, babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma in ya kai 90, awa 4 kacal ke gare shi a makon gaba ɗaya. Ki duba yadda ƙari kaɗan ya cinye lokacin.

Ba ki da na'urar awo, amma kina da dabaru. In kina tsaye kusa da shi kina jin abin da yake saurare, ya yi yawa. In sai kin ɗaga murya ko kin taɓa shi kafin ya san kina magana, ya yi yawa. Kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'urar, kuma duk awa ya cire ya huta. In kukan gyaren ya wuce kwana ɗaya ko biyu, ko ya fara yawan cewa "na'am?" ko yana ƙure ƙarar rediyo, a kai shi asibiti. Daga babban asibitin Gwarzo za a iya tura shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Kano, kamar na Asibitin Malam Aminu Kano, inda ake gwajin ji. Akwai ma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Kada a ɗiga man zaitun ko ruwan albasa, kada a sa tsinke. Namu da aka rage ƙara aka ba kunnen hutu, abin ya lafa, alhamdu lillahi. Ba kowa ke yin wannan sa'ar ba. Abin da na gaya masa shi ne, mai haɗa sauti da kunnensa yake cin abinci, in ya kashe shi ya kashe jarinsa.

Haka nan abin kunnen da mutum goma ke karɓa-karɓa cikin gumi yana iya yaɗa ciwon kunne. A riƙa goge shi bayan kowa ya cire.

Abu na biyu shi ya fi tayar mini da hankali. Da na leƙa shagon, ya toshe taga da tsohuwar katifa, ya manne bango da kiret ɗin ƙwai, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa don kada hayaniya ta shiga. Sannan ga ɗan janareta a cikin soro, dab da ƙofar, wai kada a sace. Na tambaye shi ko yana ciwon kai in ya daɗe a ciki, ya ce kullum, shi ya ɗauka yunwa ce.

Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini tana kama gurbin iskar da muke rayuwa da ita, da ƙarfin da ya ninka nata fiye da sau 200. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci. Mutum sai ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Mun sha jin labarin iyali guda da aka wayi gari babu su saboda janareta, kuma ɗakin da aka toshe ko'ina ya fi kowane ɗaki haɗari. Janareta a fili yake zama, nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita 6, wato kamar taku takwas na babba, bakin hayaƙin yana kallon waje. Ba a soro ba, ba a baranda ba. In tsoron ɓarawo ake, a sa masa sarƙa. In kin ga mutum biyu a ɗaki ɗaya sun kamu da ciwon kai lokaci guda, a fito da su iska, a kashe injin, a nufi asibiti ko da sun ce sun warware.

Katifar soso kuma in ta kama wuta kamar fetur take ci, hayaƙinta ma guba ne. Kada waya ko soket ya kusance ta. Alheri ɗaya shi ne laftof da akwatin USB ba su cin wuta sosai, ɗan sola da batir ya ishe su, ga shi babu ƙugin inji a cikin aikin. A kansa yaron yake tari yanzu.

Maganar da ke zuciyarki

Na san abin da wata ke cewa a ranta: duk wannan bayani, ni tsorona kada ɗana ya zama mawaƙi ya lalace. Ban raina wannan tsoron ba. Zancen kiɗa malamai sun yi bayani a kai, ba fagena ba ne, kowane gida ya san abin da ya yarda da shi. Abin da zan ce kawai, na'urar nan murya take naɗa, ba ta zaɓar me za a faɗa. Da ita ake naɗar karatun Alƙur'ani da wa'azi, da ita ake tallan da kike ji a Rediyon Kano da Freedom, da ita ake karanta littattafan Hausa da kike saurare a YouTube kina wanke-wanke. Sana'a ce, kuma tana da hukuma: a Kano, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da aka kafa a 2001 tana sa ido a kan mawaƙa da abin da suke fitarwa, don haka mai son shiga harkar ya nemi sanin ƙa'idojinta.

Yaron da aka ce masa a'a ba tare da an saurare shi ba, ba fasawa yake ba. Situdiyon wani zai koma, inda ba ki san da wa yake zama ba, ba ki san me ake sha ba. Wanda kuma aka miƙa wa kuɗi ido rufe, ya koyi cewa kuɗin uwa ba su da zafi. Tsakanin nan biyu akwai hanya.

Mu dai zama muka yi, da uban da uwar da shi. Yaya ta ba mijinta haƙuri a kan ɓoyon da ta yi, kuma wannan ita ce shawarata ta farko gare ki: kada ki sayi abin da sai kin ɓoye kuɗinsa. Aka gindaya masa sharuɗɗa. Ƙarfe goma na dare a rufe shago. Lokacin salla a kashe komai. Da damina gona ce gaba. Ba a kulle ƙofa in akwai baƙi, musamman 'yan mata. Duk abin da aka naɗa, ya zama wanda zai iya kunna wa mahaifinsa. Ni kuma na ƙara nawa: ban da tallan masu maganin da ke warkar da cuta arba'in a kwalba ɗaya.

Zuwa yanzu ya naɗa wa Islamiyyarsu baitocin sauka, ya yi wa wani mai taki da wani tela talla. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba, kuma ban sani ba ko nan abincinsa yake ko zai gaji ya bari. Amma ya biya ni rabin bashina, ya kuma ce in ya gama da ni akuyar Ummansa ce a gaba. Ita dai Yaya cewa ta yi sai ta gani a turke.

Don haka in an zo miki da wannan roƙon, kada ki yi saurin tsaki, kada kuma ki yi saurin kwance bakin zani. Ki ce ya zauna ya nuna miki hoton abin, ki tambaye shi ta ina zai shiga kwamfutarsa, wa zai raka shi a gwada, ina janareta zai zauna. Daga amsoshinsa za ki gane ko ya shirya.

Wadda ta taɓa cin karo da irin wannan a gidanta, ta ba mu labari a ƙasa don wasu su amfana. Masu tambaya a kan ciwon kunnen yara ƙanana, na ga saƙonninku, shi za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa musu albarka a abin da za su riƙe kansu da shi. Na bar ku lafiya.